Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba

Tun kafin ladan ya kira assalatu a Zangon Agege, mai koko ta riga ta fito tsakar gida da fitilar wayarta. Kokon da za a sha yau kwanansa biyu a hanya. Shekaranjiya ta jiƙa gero a babbar roba. Jiya da hantsi ta wanke shi, ta kai inji aka markaɗa mata da citta da kanumfari da ɗan barkono, ta dawo ta tace ƙullun da ƙyallen tata, ta ware dusa don masu awaki, ta rufe robar ta tura ta lungu. Yanzu ta ɗaga murfi. Gasara ta kwanta luf a ƙasa, ruwa garai-garai ya taso sama, ga 'yar kumfa ta kewaye bakin robar. Sai ta tsoma yatsa ta kai baki. In tsami ya kama, ta ɗora tukunya. In bai kama ba, ta san yau sai ta sha ƙorafin cewa kokonta lami ne.

Kafin ƙarfe bakwai benci ya cika: 'yan dako, masu gadin da suka kwana a ƙofar gidan wani, 'yan acaɓa, yara da kofunan silba. Wannan ya ce, "Inna, na ɗari biyu, a sa sukari," wancan ya ce a haɗa masa da ƙosai. Ba mai tambayar wa ya zuba wa kokon tsami. Ita kanta Inna da za a tambaye ta, cewa za ta yi ai kwana ya yi. Ba ta yi ƙarya ba, amma a cikin kwanan akwai ma'aikata. Cokali guda na gasarar nan yana ɗauke da halittu masu rai da suka fi mutanen Ikko yawa, ido ba ya ganinsu, sun kwana suna cinye zaƙin da ke cikin gero suna mai da shi tsami.

Hausa ta yi wa waɗannan halittu rashin adalci tun daga wajen suna. Duk wani abu mai rai da sai da madubin likita ake ganinsa, "ƙwayar cuta" ake ce masa, kamar a ce duk baƙon da ya sauka a tashar Iddo ɓarawo ne. Alhali mafi yawan bakteriya ba ruwansu da cutar da kowa, wasu ma a jikin mutum suke zaune tun ranar da aka haife shi har ranar da za a kai shi makwanci. A 2016 wasu masana uku a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila sun sake yin lissafinsu, suka ce namiji mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da bakteriya kimanin tiriliyan 38, ƙwayoyin jikinsa na ƙashin kansa kuwa tiriliyan 30 ne. Da za a tattara su a ɗora a sikeli, da ƙyar za su wuce giram 200, nauyin babbar albasa guda.

Kusan dukkansu a babban hanji suke. Can ne abin da tumbi da ƙaramin hanji suka kasa narkarwa yake isa: ɓawon wake, dusar gero, zaren kuɓewa, ganyen zogale. Su ke cin wannan ragowar, su fitar da wasu 'yan sinadarai masu tsami, cikinsu har da wanda ake kira butiret, abincin da bangon hanjin kansa yake rayuwa da shi. Suna ƙera bitamin K da wasu daga dangin bitamin B, suna kuma horar da garkuwar jiki ta san na gida da baƙo. Sannan akwai aikin da suke yi da zamansu kawai. Hanji mai lafiya kamar danfo ne da ya cika maƙil a tashar Oshodi: muguwar ƙwaya in ta shigo, sai ta yi faɗan wurin zama. Hatta iskar da ke damun mutum bayan ya ci wake da mai, ba laifin waken ba ne shi kaɗai, alama ce ma'aikatan sun samu abin taɓawa.

Wanda ya fara ɗaga maganar a duniyar boko wani Barashe ne, Elie Metchnikoff, da ke aiki a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris. A littafin da ya fitar a 1907 ya yi hasashen cewa manoman Bulgeriya suna daɗewa a duniya ne saboda nono mai tsami da suke sha kullum. Shekara biyu kafin nan wani ɗalibin likitanci ɗan Bulgeriya, Stamen Grigorov, ya gano ƙwayar da ke tsamar da nonon ƙasarsu. Metchnikoff ya samu lambar Nobel a 1908, amma kan bincikensa na garkuwar jiki aka ba shi ita, nono bai shiga ciki ba. Ya riƙa shan nononsa mai tsami ba fashi, ya kuma rasu a 1916 yana da shekara 71, shekarun da dattawan Agege da yawa suke wucewa ba tare da sun taɓa jin sunansa ba. Duk da haka maganar ta bi duniya. A Japan, Minoru Shirota ya ware wata ƙwaya a 1930, a 1935 aka fara sayar da ita a abin shan nan Yakult. Kasuwa ta buɗe ke nan, har yau ba ta tashi ba.

Da kasuwar ta cika da masu ihu, sai Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka tara masana a Cordoba ta Ajantina a 2001 don a tsayar da ma'anar kalmar furobayotik. Abin da suka tsayar shi ne: sai ƙwayar ta kasance da ranta lokacin da aka haɗiye ta, sai an sha ta da yawan da ya isa, sai kuma an nuna a gwaji cewa ta amfani wanda ya sha. Wannan ma'auni mai tsauri ne, kuma da shi ya kamata a auna kokon Inna da nonon Bafulatana da kafson kemis baki ɗaya.

Geron Inna bai tsiro a Ikko ba. Daga Arewa ya zo, kamar masu shansa. Tun da aka haɗa Ikko da Kano ta layin dogo a 1912, hatsi da shanu suke gangarowa, goro yana haurawa, kuma cinikin goron nan ne ya zaunar da Hausawa da yawa a Agege. Yau tirela ce ke sauke buhuna a Iddo da Mile 12. Baƙin sun tarar 'yan gari ma sun san sirrin barin abinci ya kwana: abin da Bahaushe ke kira koko ko kamu, Bayarabe ogi yake ce masa; daddawa kuwa iru ce a wurinsa. Masu bincike sun daɗe da leƙa waɗannan robobi, abin da suka fi tararwa a gasara dangin Lactobacillus ne da 'yan uwansu da kuma yis. A daddawa kuwa wata ce daban, Bacillus subtilis, wadda ke cin kalwa bayan an dafa ta an rufe kwana biyu ko uku, ita ce mai warin nan da ke sa maƙwabta su san ana daddawa a unguwa. Ita ɗin ce dai Japanawa ke yin abincinsu natto da ita.

To amma a nan ne masu cewa koko furobayotik ne suke yin tuntuɓe. Inna ba ɗanyar gasara take sayarwa ba. Tafasasshen ruwa take sheƙa mata tana damawa, kuma ƙwayoyin tsami ba sa jure wannan zafi. Kafin kofi ya isa bakin ɗan dako, ma'aikatan sun mutu, aikinsu kawai ya rage. Sai dai aikin ba ƙarami ba ne. Tsamin da suka bari yana hana miyagun ƙwayoyi sakewa. A 1990 wata masaniya 'yar Gana, Patience Mensah, da abokan aikinta sun nuna cewa kunun yaye da aka yi da ƙullu mai tsami ba ya tara ƙwayoyin ƙazanta kamar wanda aka yi da ƙullun da bai kwana ba, ko da an ajiye shi sa'o'i. A ɗakin haya na Agege da ba firji, ko akwai firjin ba wuta, wannan kariya ce ta gaske. Tsamarwar tana kuma rage wani sinadari na hatsi da ke riƙe ƙarfen da jini ke buƙata ya hana jiki ɗauka.

Rauninsa shi ne koko ruwa-ruwa ne, ba shi da abin gina jiki sosai. Yaron da aka yaye da tsurar koko safe da yamma yana iya faɗawa tamowa cikinsa a cike. Wannan ne ya sa cibiyar binciken masana'antu ta tarayya da ke Oshodi, FIIRO, ta fito da ogi mai haɗin waken suya wajajen 1970. Uwar da ke zuba garin ƙuli-ƙuli ko gyaɗa ko madara a kokon ɗanta, hanyar ta bi.

Akwai wani yunƙuri da aka yi a nan Ikko wanda ya fi kusa da ainihin maganar. A Cibiyar Binciken Lafiya ta Nijeriya da ke Yaba, tafiyar 'yan mintoci daga Iddo ranar da ba cunkoso, Dakta D. K. Olukoya, wanda mutanen gari suka fi sani yau da shugabancin cocin Mountain of Fire, shi da abokan aikinsa sun zaɓo ƙwayoyin tsami masu ƙarfin danne ƙwayoyin gudawa, suka tsamar da ogi da su. Suka sa masa suna DogiK, suka buga sakamakon a 1994. A ɗakin gwaji sun zuba masa ƙwayoyin gudawa da gangan, suka ga suna mutuwa da sauri fiye da yadda suke yi a ogin gida. Tunani ne mai kyau, mai araha, wanda ya dace da tukunyar talaka. Fiye da shekara talatin ke nan, bai sauko daga shafin mujalla zuwa robar mai koko ba.

A arewacin Gana kuwa, inda kokon gero ya shahara har ake kiransa kokon Hausa a faɗin ƙasar, an gwada ruwan tsamin da ke tasowa saman gasara, wanda ba a tafasa ba, ƙwayoyinsa da ransu. An riƙa ba yara masu gudawa shi a asibiti, aka kwatanta su da waɗanda ba a ba ba. Rahoton da ya fito a 2006 ya ce bai rage kwanakin gudawar ba. Yarabawa ma suna da imani da wannan ruwa, omidun suke kiransa, da shi suke jiƙa saiwoyi. An ce da tsohuwar zuma ake magani, amma wannan karon da aka ɗora zumar a sikeli ba ta kai yadda ake zato ba.

Abin da ya fi kusa da cika sharaɗin a abincin Bahaushe shi ne nono, don shi ba a tafasa shi bayan ya yi tsami. A ruga, Bafulatana takan dafa madara ta bar ta ta huce, ta zuba ɗan ragowar nonon jiya a matsayin iri, ko kuma ta dogara da ƙwaryar da ta saba, wadda jikinta ya riga ya riƙe ƙwayoyin. Da safe ya zama kindirmo. In ta kaɗa ta cire man shanu, abin da ya rage shi ne tsala. A Agege da Idi-Araba labarin ya ɗan canza. Saniyar tatsa ta yi nisa, shanun da ake gani a mayankar Oko-Oba na wuƙa ne. Mai fura takan buɗe buhun garin madara, ta dama da ruwan zafi a bokiti, ta jira ya sauko yadda za ta iya tsoma yatsa ba ta ƙone ba, ta zuba iri, ta lulluɓe da tsohon bargo. Zafin Ikko ya ƙarasa mata sauran. Da azahar ga ta a kusa da masallaci, ƙwallayen fura a jere cikin farar roba, injin markaɗe ya maye gurbin ludayi da ƙwarya. Wannan nono na bokiti, in irinsa mai kyau ne, ƙwayoyinsa rayayyu ne kamar na ruga.

Amfani guda na nono mai tsami da ba a jayayya a kansa, a nan Ikko aka taimaka wajen fahimtarsa. A 1971 Farfesa Olikoye Ransome-Kuti na asibitin koyarwa da ke Idi-Araba, wanda daga baya ya zama ministan lafiya, tare da wani likitan Amurka, Norman Kretchmer, sun auna yadda ƙabilun Nijeriya ke narkar da sukarin da ke cikin madara. Suka tarar mafi yawan Fulani makiyaya suna narkar da shi har girmansu, Yarabawa da Ibo kuwa kusan duk suna rasa wannan ƙarfi bayan yaye. Hausawan birni da yawa ma ba sa iyawa. Shi ya sa wani in ya sha madara sai ciki ya ɗau ƙugi, amma ya sha kindirmo ya kwana lafiya: ƙwayoyin sun riga sun cinye wani kaso na sukarin tun a ƙwarya, suna kuma taimakawa da sauran a cikin hanji. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai, wadda ta yi fatali da tarin iƙirarin kamfanonin furobayotik, wannan iƙirari na yogot ta amince da shi.

Amma tsami ba ya wanke kowane laifi. Madarar da ba a dafa ba tana iya ɗauko tarin fuka na shanu ko cutar bakkale. Nonon da aka sirka da ruwan rijiya don ya auku, ko aka jefa wa ƙanƙarar da ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, ya koma abin tsoro komai kyan irinsa. Wasu kuma garin ƙwame suke zubawa, ya ba da kauri da tsami na aro. Ƙwame ba ya cutarwa, abinci ne mai kyau, sai dai tsaminsa na 'ya'yan kuka ne, ba na masu rai ba. Lokacin da kwalara ta ɓarke a Ikko a watan Yunin 2024, jami'an lafiya na jihar sun ce cikin abubuwan da suke zargi har da wani kunun aya na roba da ba shi da rajista. Duk abin sha da ake haɗawa da hannu, lafiyarsa tana ga ruwan da aka yi shi da hannun da ya yi shi.

Yogot ɗin kanti ma sai an duba. Ƙa'idar abinci ta duniya ta ce madarar da aka tsamar ta riƙe aƙalla ƙwaya miliyan 10 masu rai a kowane giram. Wanda kuwa ake jerawa a kwali a kan kanta wata da watanni ba firji, an sake dafa shi bayan ya yi tsami don kada ya lalace. Abin sha ne mai daɗi, sau da yawa cike da sukari, amma ba kowa a ciki.

Daga wajen mai fura zuwa kemis taku kaɗan ne, kuma a nan ne ake yi wa mutanen hanji ɓarna mafi girma. Yaro ya fara zawo, uwa ta ce haƙori ne, uba ya biya kemis a hanyarsa ta dawowa daga kasuwa ya ce a ba shi Flagyl ko kafson nan ja da rawaya, na kwana biyu, gwargwadon kuɗin aljihu. Mafi yawan gudawar ƙananan yara kuwa bairos ne ke kawo ta, irin su rota, waɗanda maganin kashe bakteriya ba ya ko taɓa su. Wanda maganin ke samu shi ne ɗan gida. Sai ya share bencin danfon nan, ya bar kujeru fayau ga duk wanda ya riga shiga. Garin gyaran gira an rasa ido.

Abin mamaki, a daidai wannan wuri ne kafson furobayotik ya fi nuna amfaninsa. Ƙungiyar Cochrane, mai tattara gwaje-gwajen likitanci ta tace su, ta haɗa bincike 33 a 2019 kan yaran da likita ya ɗora a kan maganin kashe bakteriya. Cikin waɗanda ba a haɗa musu da furobayotik ba, kashi 19 cikin 100 sun yi zawo. Cikin waɗanda aka haɗa wa, kashi 8. Iri biyu ne aka fi gwadawa: Lactobacillus rhamnosus GG, wadda wasu masana biyu suka ware a Boston a 1983, da wani yis mai suna Saccharomyces boulardii. Suna yana da muhimmanci a nan. Cewa "akwai Lactobacillus a ciki" kamar a ce wa mai neman makaniki "ga Bahaushe nan" ne. Wane Bahaushen, me ya iya?

A gudawar yau da kullum kuwa labari ya sha bamban. A 2018 an buga manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Kanada, kowanne da yara wajajen 900 da aka kawo asibiti da amai da gudawa. Rabi aka ba furobayotik, rabi aka ba garin da ba komai a cikinsa. Ba a ga bambanci ba. Abin da ke ceton ran yaro har yanzu shi ne wanda Ransome-Kuti ya yi ta yekuwarsa a zamanin ministansa: ruwan gishiri da sukari, ci gaba da shayarwa, sai kuma ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14 da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙara a 2004. Ga kuma rigakafin rota, wanda aka gwada wani nau'insa mai jure zafi a Madarunfa ta jihar Maraɗi aka buga sakamakon a 2017, Nijeriya kuma ta sa rigakafin rota cikin jerin na jarirai a watan Agustan 2022. Uban da ya bar ƙunshin gishiri da sukari na ORS ya sayi kafso mai tsada don an ce daga waje aka kawo shi, ya yi asarar kuɗi, wataƙila da abin da ya fi kuɗi.

Ba a ce ƙofar ta rufe ba. A jihar Odisha ta Indiya an ba jarirai 4,556 ko dai wata zaɓaɓɓiyar Lactobacillus plantarum haɗe da abincinta ko kuma garin banza, na mako guda kacal a farkon rayuwarsu. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna shigar ƙwayar cuta cikin jini da mutuwa, in an haɗa su, sun ragu da kashi 40 cikin 100. Masu binciken sun ɗauki shekaru suna tankaɗe da rairaya kafin su tsaya kan wannan ƙwaya ɗaya. A ɗaya gefen kuma, a Holan a 2008, an ba masu tsananin kumburin fankiriyas haɗin furobayotik da fatan ya kare su, sai mutuwa ta fi yawa a cikinsu: kashi 16 cikin 100, a kan kashi 6 na waɗanda ba a ba ba. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi asibitoci bayan wani bakwaini ya rasu da ƙwayar da aka ba shi a matsayin kariya. Ga mai lafiya waɗannan ƙwayoyi ba su cika yin illa ba. Ga bakwaini, da mai jinyar daji, da wanda garkuwarsa ta faɗi, magana ce ta likita.

Mai tallar magani a cikin bas, wanda kwalbarsa guda ke maganin basir da ciwon sukari da ƙiba da sanyin mara, yanzu ya ƙara "gyaran hanji" a bakinsa. Lambar NAFDAC a jikin kwalba abin dubawa ce, amma ba ita ke nuna ƙwayoyin sun tsira daga ranar Oshodi ba. Akwai ma binciken Isra'ila na 2018 da ya tarar cewa wasu da suka sha haɗin furobayotik bayan maganin kashe bakteriya, ƙwayoyinsu na asali sun fi jinkirin dawowa. Galibi dai baƙin da ake haɗiya ba sa zama. In an daina sha, cikin 'yan kwanaki ko makonni sun wuce.

Masu zaman dindindin kuwa daga uwa ake fara samunsu. Nonon uwa yana ɗauke da wasu nau'o'in sukari da jariri ba ya iya narkarwa ko kaɗan. An yi su ne don wata ƙwaya mai suna Bifidobacterium, wadda ke mamaye hanjin jariri ta tsare shi. Kakar da ke cewa a matse dakashi a zubar don wai ba shi da kyau, ko a ɗura wa ɗan kwana uku ruwa, tana korar mai gadi ne tun bai kama aiki ba.

Bayan yaye kuma sai abin da aka ci. A 2010 masana daga Italiya sun kwatanta kashin yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso da na yaran birnin Florence. Yaran ƙauyen, masu cin gero da dawa da wake da ganye, sun fi yawan nau'o'in ƙwayoyi, ciki har da masu narkar da dusa irin su Prevotella da yaran Turai kusan ba su da su, sun kuma fi yawan sinadaran nan masu ciyar da bangon hanji. A 2018 Dakta Funmilola Ayeni ta Jami'ar Ibadan da abokan aikinta sun yi irin wannan kwatanci tsakanin manoman Bassa na karkara da mazauna biranen Nijeriya, suka ga sauyin ya riga ya fara a cikin gida. Saurayin da ya baro ƙauyen Katsina yana cin tuwon dawa da miyar kuka, ya zo Ikko ya koma burodin Agege da shayi da safe, taliyar leda da ƙwai da dare, bai canza wa kansa abinci shi kaɗai ba. Burodin Agege, da duk laushinsa da farin jininsa, fulawa ce da aka cire wa dusa, kusan ba abin da ke isa babban hanji daga cikinta. Ɗanwake da dambun zogale da fate da rama, waɗanda ake yi wa kallon abincin ƙauye, su ne ke kai wa ma'aikatan albashi. Ita ma dusar da Inna ke ware wa awaki, da rabonsu a ciki.

A gabashin Afirka an samu waɗanda suka haɗa ɗakin gwaji da bokitin mai nono. A Mwanza ta Tanzaniya, tun wajajen 2004, ƙungiyoyin mata suke yin yogot da ƙwayar da aka gwada, tare da haɗin gwiwar wata jami'ar Kanada, suna sayarwa a unguwanninsu. A Yuganda kuma wasu masana biyu 'yan Holan, Remco Kort da Wilbert Sybesma, sun lura wa'adin haƙƙin mallakar ƙwayar GG ya ƙare, sai suka busar da kwafinta suka ƙunsa a 'yar leda ƙarƙashin gidauniyarsu ta Yoba for Life, ana sayar wa ƙananan masu sana'ar madara. Ba sai da sabon inji ba: a dafa madara, a bar ta ta huce, a tayar da irin a lita guda, a juye a babban mazubi, a rufe. Ƙunshi ɗaya mai nauyin giram 1 yana isa a yi yogot har lita 100, wato bokitin mai furar Idi-Araba mai cin lita 20 sau biyar.